Wa ke ba kifi maki? Fashin baƙi kan tambarin ɗorewa a kasuwar kifin teku

Kifin nan mai zane-zane a gadon baya da muke kira titus, wanda ake sayarwa a daskare tun daga Legas har Kano, ba a ruwanmu ake kama shi ba. Daga arewa maso gabashin tekun Atlantika yake fitowa, wajajen Norwe da Birtaniya da tsibiran Faro. Mu nan idan za mu saya, tambayarmu biyu ce: nawa ne kilo, kuma ba narkewa ya yi aka sake daskarar da shi ba? A kantunan Turai kuwa, wannan kifin dai ya taɓa ɗaukar wani ɗan shuɗin tambari a jikin ledarsa, wanda ke shaida wa mai saye cewa kamun da ake yi masa ba zai ƙarar da irinsa ba. A watan Maris na 2019 aka dakatar da wannan shaida. Ba cuta aka samu a jikin kifin ba, ɗanɗanonsa ma bai sauya ba. Lissafi ne ya sauya, kuma mai son gane yadda ake yi wa kifin teku maki, wannan lissafin zai bi.

Asalin maganar daga Kanada take. A gaɓar Newfoundland an yi ɗaruruwan shekaru ana kama kifin kod, irin wanda ake busarwa a Norwe a kawo mana a matsayin okporoko. Da manyan jiragen masana'antu suka shigo, kamun ya kai kusan tan 810,000 a shekarar 1968 kaɗai. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna cewa kifin na raguwa, kuma wanda ake samu ƙanana ne. Ba a saurare su ba, domin manyan jirage suna dawowa a cike. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, sauran kifin da ya rage taruwa yake wuri guda, na'urorin jiragen kuma suna gano shi duk inda ya taru. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta haramta kamun, mutane fiye da 30,000 suka rasa sana'a. An ce na shekara biyu ne. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, da ƙayyadadden tan 18,000.

Wannan abu ya tsorata masu kare muhalli, ya kuma tsorata 'yan kasuwa, kowa da dalilinsa. Kamfanin Unilever, wanda a lokacin yana cikin manyan masu sayen daskararren kifi a duniya, ya haɗa kai da ƙungiyar kare muhalli ta WWF suka kafa Marine Stewardship Council, wato MSC, a 1997. Ita ce mai shuɗin tambarin. Bayan shekara biyu, a 1999, gidan ajiye halittun ruwa na Monterey Bay da ke Kalifoniya ya ƙaddamar da shirin Seafood Watch, wanda ya fara da ɗan kati da mutum zai sa a aljihu ya duba idan ya shiga kanti ko gidan abinci.

Tambari daban, jagora daban

Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali hanyoyi biyu ne, kuma bambancinsu yana wajen wanda ya nemi a yi binciken da wanda ya biya.

A tsarin MSC, masu kamun ne da kansu suke neman a tantance su. Su ɗauko kamfanin bincike mai lasisi, su biya shi, masana su shafe shekara ɗaya ko fiye suna duba takardu da jin ta bakin masu ruwa da tsaki. Idan an ci, shaidar ta yi shekara biyar, amma ana dawowa duba su kowace shekara. Wanda ya ga ba zai ci ba, ba ya ma shiga. Saboda haka rashin tambari a jikin kifi ba ya nufin an auna shi ya faɗi. Sau da yawa ba a taɓa auna shi ba ne.

Seafood Watch kuwa ba ta jiran gayyata. Ita ce ke zaɓar kifin da ke yawo a kasuwar Amurka, ta tattara bayanan da ke akwai, ta fitar da launi irin na fitilar kan hanya: kore a saya, ruwan ɗorawa a saya amma da sauran gyara, ja a ƙaurace masa. A Birtaniya ƙungiyar Marine Conservation Society tana yin kusan haka, sai dai ita da lamba take yi, daga 1 mafi kyau zuwa 5 mafi muni. Ko masu kamun sun so ko sun ƙi, sai su wayi gari su ga launinsu.

Abin da ya fi rikita mai saye shi ne, makin ba na sunan kifi ba ne. Babu wani hukunci guda da ya hau kan kifin tuna baki ɗaya. Ana haɗa abu uku ne: wane iri, daga wane ruwa, da wane kayan kamu. Tunar da aka kama ɗaya bayan ɗaya da sanda da ƙugiya tana iya samun kore, irinta kuma da aka kama a wani tekun da doguwar igiya mai dubban ƙugiyoyi, wadda ke haɗowa da kunkurun teku da tsuntsaye, ta samu ja. Mai gidan abincin da bai san inda kifinsa ya fito ba, ba zai iya amsa tambayar ba ko da ya so.

Yadda ake ƙirga abin da ba a gani

Tambayar farko a kowane tsari ita ce: kifin nawa ya rage, kuma nawa ake ɗiba? Makiyayi yana iya tsayawa bakin garke ya ƙirga shanunsa. Kifi kuwa yana ƙarƙashin ruwa, yana kuma ƙetare iyakokin ƙasashe ba tare da neman izini ba. Don haka ƙiyasi ake yi, ta hanyoyi da dama a haɗe. Ana rubuta abin da jirage suka sauke a tasha. Jiragen bincike suna fita su jefa taru a wurare iri ɗaya kowace shekara don a kwatanta. Ana aika sauti cikin ruwa a auna girman garken daga amsa-kuwwar da ta dawo. Akwai wani ɗan dutse a cikin kunnen kifi mai zobba irin na kututturen itace, da shi ake gane shekarunsa, a san ko manya ne suka fi yawa ko an cinye su saura yara. A kan titus ma har ƙwai ake ƙirgawa: duk shekara uku jirage na fita su ɗebo samfurin ruwa, daga yawan ƙwan a ƙiyasta yawan iyayen da suka saka shi.

Daga nan sai a fitar da wani ma'auni da duk harkar ta jingina a kansa: mafi yawan abin da za a iya ɗiba kowace shekara ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Ɗan kasuwa zai gane shi nan take, a ci riba a bar jari. Da wannan ma'auni Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2021 kashi 37.7 cikin 100 na garkunan kifin teku da take bibiya ana ɗibarsu fiye da ƙima. A 1974 kashi 10 ne kacal.

Lafiyar garken kifin ɗaya ce daga cikin tambayoyin. Ana kuma duba abin da tarun ya haɗo da shi ba da niyya ba, wanda za mu iya kira kamun tsautsayi. Ana duba ɓarnar da kayan kamun ke yi wa ƙasan teku, musamman tarun da ake ja a ƙasa yana kankare duk abin da ya tarar. Sannan a duba shugabanci: akwai doka, ana bin ta, kuma idan masana sun ce a rage, ana ragewa?

MSC ta tattara waɗannan cikin ginshiƙai uku da ma'aunai fiye da 20. Kowane ma'auni dole ya kai maki 60, in ba haka ba an faɗi gaba ɗaya. Matsakaicin kowane ginshiƙi kuma dole ya kai 80. Ma'aunin da ya tsaya tsakanin 60 da 79 ana wucewa da shi bisa sharaɗin za a gyara kafin shaidar ta ƙare. Wannan sharaɗi yana cikin abubuwan da ake yawan sukar MSC a kai, domin mai saye yana ganin tambari a yau kan alkawarin gobe. Seafood Watch tana ba da maki daga 0 zuwa 5. Kore sai an haura 3.2 kuma babu ɓangaren da ya yi ja. Wanda ya tsaya a 2.2 ko ƙasa da haka ja ne. Kuma ko jimillar ta yi kyau, matsala guda mai tsanani tana iya jefa kifi cikin ja.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta tayar da ƙura a Amurka a watan Satumban 2022. Lobsta, babban ɗan uwan jatan lande mai manyan hannaye masu kama da almakashi, ita ce arzikin jihar Maine, kuma masuntan wurin suna alfahari da dokokinsu: ba a ɗaukar ƙarama, ba a ɗaukar wadda ta yi girma da yawa, mace mai ƙwai a yi mata alama a wutsiya a mayar da ita ruwa. Duk da haka Seafood Watch ta sa ta a ja. Dalilin ba lobstar ba ce. Igiyoyin da ke tashi daga tarkon da ke ƙasa zuwa saman ruwa suna iya naɗe wani nau'in wel, ƙatuwar dabbar teku, ta arewacin Atlantika, wadda a lokacin ake ƙiyasin ba ta wuce 340 ba a duk duniya. Kafin shekarar ta ƙare, shaidar MSC ta lobstar yankin ma an dakatar da ita. Masuntan suka ce ba a nuna igiyarsu ce ke kashe dabbar ba, suka kai gidan Monterey Bay ƙara kotu a 2023 bisa ɓata suna. Ni a ganina ɓangarorin biyu suna da abin faɗa, kuma rigimar ta tona wani abu da launi ke ɓoyewa: a ƙarƙashin lambobin akwai zaɓin ɗan Adam. Idan hujja ba ta cika ba, wa za a ba uzuri, masunci ko dabbar da ke gab da ƙarewa? Seafood Watch ta zaɓi dabbar. Wannan ba lissafi ba ne, matsaya ce.

Kifin gona, da wanda aka ci don a ciyar da shi

A 2022, karo na farko a tarihi, dabbobin ruwa da aka kiwata sun fi waɗanda aka kamo yawa, da kusan kashi 51 cikin 100. Su ma suna da nasu alƙalan. Akwai Aquaculture Stewardship Council da aka kafa a 2010, akwai kuma tsarin BAP mai taurari har huɗu, ɗaya na wurin ƙyanƙyasa, ɗaya na gonar, ɗaya na masana'antar abincin kifin, ɗaya na wurin sarrafawa. Tambayoyin nan duk mai kiwon tarwaɗa a bayan gida zai gane su: ina ruwan datti yake zuwa, wane magani ake zubawa, cuta na yaɗuwa zuwa kifin daji, kifin na tserewa, an sare dajin bakin teku don a haƙa kududdufin?

Mafi nauyi a wajenmu ita ce tambayar abinci. Kifin salmon da ake kiwo a Norwe mai cin nama ne, ana haɗa masa abinci da garin kifi da man kifi. Kilo ɗaya na garin yana cin kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi. Wani ɓangare na wannan gari da mai daga Afirka ta Yamma yake fitowa, daga masana'antun da suka cika Nuwadibu a Muritaniya da gaɓar Senegal da Gambiya, inda ake niƙa ƙananan kifaye irin su sardinela. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli na Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan 500,000 ake kwashewa daga yankin kowace shekara don wannan. Wannan shi ne kifin talaka, wanda mata ke bandarwa a kai shi can cikin ƙasa. Ma'aunan da ake da su sun fi ƙwarewa wajen tambayar ko garken sardinela zai jure, fiye da tambayar daga bakin wa aka ƙwace ta.

Haka batun ma'aikata. An gina tsarin ne don kifi da muhalli, mutanen da ke cikin jirgin sai daga baya aka tuna da su. A 2015 'yan jaridar Associated Press suka gano masunta, akasarinsu 'yan Myanmar, ana bautar da su a tsibirin Benjina na Indonesiya, suka kuma bi sawun kifin har kantunan Amurka. Mutane fiye da 2,000 aka kuɓutar. Tun daga nan aka ƙara sharuɗɗa kan aikin tilas, amma har yanzu kore ba shaida ba ce cewa an biya wanda ya ja tarun haƙƙinsa.

Sai kuma ha'inci, wanda ke iya rusa komai. Da zarar an feɗe kifi an cire fata, ƙwararre ma sai ya yi da gaske ya bambanta wani da wani. Ƙungiyar Oceana ta gwada ƙwayoyin halittar samfuri 1,215 a Amurka, ta fitar da sakamako a 2013 cewa kashi ɗaya cikin uku ba sunansu na gaskiya aka rubuta ba. A nan tambari ya fi jagora ƙarfi, domin MSC tana buƙatar duk hannun da kifin ya bi, daga jirgi zuwa kanti, ya mallaki shaidar cewa bai gauraya shi da wani ba. Mai ɗauke da katin launuka kuwa, da abin da aka gaya masa kawai yake aiki.

Kuɗi, da waɗanda aka bari a waje

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu sukar MSC kusan abin da suke faɗa ke nan: mai kamu ne ke biyan mai bincikensa, ita kuma MSC mafi yawan kuɗin shigarta daga kason da take karɓa ne a kan kayan da ke ɗauke da tambarinta, wanda ke kaiwa rabin kashi ɗaya cikin 100. Yawan kaya masu tambari, yawan kuɗi. MSC tana amsawa da cewa ba ita ke yanke hukunci ba, akwai wata hukuma daban mai sa ido kan masu binciken, rahotanni a buɗe suke, kowa yana iya shigar da ƙorafi. Gaskiya ne, kuma dakatarwar da aka yi wa titus da lobsta ta nuna ana iya cire tambari ko da a kan manya. Amma zargin bai mutu ba. Wani nazari da ƙungiyar Bloom ta Faransa ta jagoranta a 2020 ya gano cewa ƙananan masunta masu kayan kamu marasa ɓarna kashi 7 cikin 100 kawai suka samar na kifin da ke da shaidar, amma su ne a kusan rabin hotunan tallar MSC.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tantancewa tana cin dubban daloli masu yawa, kuma kafin a kai ga kuɗin ma sai an sami bayanan shekaru: wa ya kama me, yaushe, nawa. A Afirka fitattun waɗanda suka samu su ne masu kamun kifin hek da manyan jirage, Afirka ta Kudu a 2004, Namibiya a 2020. Masuncin da ke fita da kwalekwale, ko a Tafkin Chadi ko a Kainji, ba shi da wannan takarda. Ba kuma don ba shi da tsari ba. A Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin da aka buɗe shi, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa, shi ne abin da littattafan Turai ke kira rufe kakar kamu. Sai dai abin da ba a rubuta ba, mai bincike ba ya iya ba shi maki 80.

To duk wannan wahala tana gyara wani abu? Tana yi, amma ba ta hanyar da aka zata da farko ba. Mutanen da ke tsayawa a kanti suna duba kati kaɗan ne. Ƙarfin yana hannun manyan masu saye. Lokacin da Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya yi alkawari a 2006 cewa zai koma sayen kifi mai shaida, ko kamfanin gidajen abinci na McDonald's ya sa shuɗin tambarin a kan kifinsa a Turai a 2011, masu jirage sun ji a jikinsu, domin rasa ciniki ɗaya irin wannan ya fi asarar masu saye dubu. Kuma launi yana iya komawa baya. Kifayen ƙasan teku na gaɓar yammacin Amurka, waɗanda gwamnati ta ayyana rushewarsu a matsayin bala'i a 2000, an tsaurara doka a kansu, a 2014 Seafood Watch ta ɗaga nau'i 21 zuwa kore ko ruwan ɗorawa.

Titus kuwa ta ɗauki hanya ta daban. Wajen 2010 garken ya riƙa matsawa arewa maso yamma, zuwa ruwan Aislan da Faro, waɗannan kuma suka ce tunda kifi ya zo gidansu sai su ƙara rabonsu. Tarayyar Turai da Norwe suka ƙi sakin nasu. Majalisar masana ta ICES da ke Kopenhagen tana faɗin adadin da ya kamata a kama kowace shekara, kowace ƙasa ta amince da adadin a baki, sannan ta yanka wa kanta kason da take ganin ya dace da ita. Kowa tasa ta fisshe shi. Idan aka haɗa kason sai ya haura shawarar masana, shekara bayan shekara. Jirgi ɗaya yana iya bin dokar ƙasarsa sau da ƙafa, amma jimillar ta zama ɓarna, shi ya sa dakatarwar 2019 ta hau kan kowa. A ƙarshen 2020 shawa ta yankin, wato herin, ta bi sahu bisa wannan dalili. Marine Conservation Society ta sauke titus daga kore a 2023, ta ƙara sauke wanda manyan jirage ke kamawa zuwa lamba 4 a 2025.

Cire tambarin bai tsayar da jirage ba, domin duniya cike take da kasuwannin da ba sa tambaya, tamu na ciki. A ƙarshen Satumban 2025 ICES ta ba da shawarar a rage kamun titus na 2026 da kusan kashi 70 cikin 100. Mai sayar da kifin ƙanƙara a Kano ba zai ga wannan rahoto ba, kwalin da yake buɗewa ma babu launi a jikinsa. Idan ƙasashen suka bi shawarar, kaya za su yi ƙaranci yanzu; idan suka ƙi, za su yi ƙaranci daga baya. Shi dai a kuɗin kwali labarin zai iso masa.